Bitar kwana biyar ba za ta haɗa sha-ka-tafi da Dawanau ba

A shekarar da mijin gwaggona ya rasu, sau huɗu aka yi mata maganin taifot cikin wata bakwai. Ni nake kai ta asibitin sha-ka-tafi na garinmu a bayan babur, saboda haka na haddace yadda abin yake tafiya. Ta yanki kati, ta zauna a benci cikin masu awo da masu goyo, in layi ya zo kanta ta ce jikinta duk ciwo yake yi, kanta ya yi nauyi, gabanta yana faɗuwa, abinci ba ya shiga, wani abu kuma yana yi mata yawo daga ƙeya zuwa gadon baya. A ɗebi jini, a ce taifot ne da ɗan maleriya, a rubuta ƙwayoyi da allurai, wata rana har da ƙarin ruwa. Mu biya, mu dawo gida. Bayan mako uku ko huɗu sai ta aiko yaro ya kira ni, jikin ya tashi.

Ban taɓa ganin laifin malamin asibitin da yake duba ta ba. Mutum ne mai haƙuri, kuma kullum bencinsa a cike yake tun safe har azahar. Abin da aka koya masa ya nema shi ya nema.

A zuwa na biyar muka tarar da wata nas da aka kawo sabuwa, wadda daga baya na ji ta taɓa aiki a sashen masu taɓin hankali. Ta saurari jerin ciwukan nan har ƙarshe, sannan ta ajiye biro ta ce, "Inna, yaushe rabonki da ki yi barci ki ƙoshi?" Gwaggo ta ce ta manta. Ta ce, "Tun da Malam ya rasu, akwai abin da yake faranta miki rai, ko da jikokin nan ne?" Gwaggo ta yi shiru, sai hawaye. Nas ɗin ta dube ni ta ce, "Ɗan ba mu wuri." Sai da muka hau hanya Gwaggo take faɗa mini cewa an tambaye ta ko tana jin gara ta bi mijinta, ita kuma ta amsa da gaskiya, abin da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, har 'ya'yan cikinta. An ba ta wata 'yar ƙwaya mai araha ta sha da dare, aka ce kada ta sa ran ganin sauyi kafin mako biyu zuwa huɗu, aka kuma sa mata ranar dawowa. Cikin wata biyu ta koma zuwa suna da biki.

Bayan 'yan watanni aka yi wa nas ɗin canjin wurin aiki. Da ta tafi, tambayar nan ma ta tafi da ita. Ba wanda ta bar wa littafin sunayen waɗanda take bibiya, don ba a taɓa tsara irin wannan littafi ba, kuma ba wanda ya san adadin matan da suke kan maganin. Wannan ne ya dame ni har yau, kuma shi ya sa nake ganin yadda muke shirya ma'aikatan lafiya na matakin farko don lura da lafiyar ƙwaƙwalwa yana da gyara tun daga tushe.

Manufar ba sabuwa ba ce. Tun 1991, zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake ministan lafiya, Nijeriya ta fitar da manufa wadda ta sa lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan kiwon lafiya a matakin farko. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirinta na lafiyar ƙwaƙwalwa mai suna mhGAP, a 2010 ta fitar da littafin jagora domin ma'aikacin da ba ƙwararre ba ya iya gane ciwon damuwa, taɓin hankali, farfaɗiya, shaye-shaye da haɗarin kashe kai, ya kuma san matakin da zai ɗauka. A farkon 2023 aka sanar cewa Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. A takarda dai ba a bar mu a baya ba. Dalilin duk wannan kuwa a fili yake: likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan ba su kai 300 ba, ga mutane sama da miliyan 200, kuma akasarinsu suna manyan birane. A Arewa, in ka cire asibitocin koyarwa, sai ka lissafa manyan asibitocin ƙwaƙwalwa irin su Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, na Maiduguri, da Dawanau a Kano. Binciken da Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya jagoranta a farkon shekarun 2000 ya nuna cewa cikin masu fama da matsananciyar larurar ƙwaƙwalwa, waɗanda suka sami wani magani a shekarar da ta gabaci binciken ba su kai ɗaya cikin goma ba. Matar da take ƙauye mai nisan awa uku daga Kware ba za ta taɓa ganin likitan ƙwaƙwalwa ba sai in abin ya kai an ɗaure ta. Amma tana zuwa sha-ka-tafi. Tana zuwa awo, tana kawo yaro riga-kafi, tana zuwa a auna mata hawan jini.

To me muke yi da wannan sani? Mafi yawan lokuta bita muke shiryawa. Wata ƙungiya ta samo kuɗi, a zaɓo mutum ɗaya daga kowane asibiti, a kai su otal a babban birnin jiha, a yi kwana biyar ana nuna musu darasi a allon bango, a raba littafi da satifiket da kuɗin mota, kowa ya koma. Ba na raina abin da ake koyarwa a can, ilimi ne mai kyau. Sai dai wanda ya dawo daga bitar yana dawowa ne shi kaɗai. Mai yankar kati bai san komai a kai ba. Mai ba da magani ba shi da maganin a kanta. Unguwar zoma da ta fi kowa ganin masu jego ba a gayyace ta ba. Shugaban asibitin yana da rahoton wata da zai cika, kuma abin da ake matsa masa a kai shi ne riga-kafi da haihuwa da maleriya. In wannan ma'aikaci ya yi ƙarfin hali ya ɗora wani saurayi a kan maganin taɓin hankali, bayan kwana biyu aka dawo da shi wuya ya sandare, harshe ya fito, idanu sun kafe sama, 'yan'uwa suna cewa aljanun ne suka fusata, wa zai kira? Abin da ya faru illa ce sananniya ta irin waɗannan magunguna, kuma akwai maganin da yake warware ta cikin ɗan lokaci. Amma wanda ya ga haka sau ɗaya ba tare da mai kama masa ba, ba zai sake taɓa irin wannan majinyaci ba. Zai koma rubuta takardar turawa babban asibiti, takardar da shi ma ya san ba za a je ba.

Ra'ayina shi ne abin da ya kamata a horar shi ne asibitin gaba ɗayansa, a kuma ɗaura shi da ƙwararre wanda za a iya samu a waya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma wannan jinka ce mai nauyi.

Akwai hujja a kan haka daga inda aka gwada. A Amurka, inda likitan unguwa shi ma yake fama da cunkoso, an yi wani babban gwaji mai suna IMPACT da aka wallafa sakamakonsa a 2002. Tsofaffi 1,801 masu ciwon damuwa aka raba gida biyu. Rabi suka ci gaba da ganin likitansu yadda aka saba. Rabi kuma aka haɗa likitan nasu da mutum biyu: wani ma'aikaci, galibi nas ko masanin halayyar ɗan'adam, wanda aikinsa shi ne bibiyar kowane majinyaci da auna yadda yake samun sauƙi, da kuma likitan ƙwaƙwalwa da yake zama da wannan ma'aikaci kowane mako su bi sunaye, su tsaya a kan waɗanda ba sa samun sauƙi, su ba da shawarar sauya magani. Bayan shekara guda, kashi 45 cikin ɗari na rukuni na biyu ciwonsu ya ragu da aƙalla rabi, a rukuni na farko kuwa kashi 19. Magungunan da ake da su iri ɗaya ne a ɓangarorin biyu. Abin da ya bambanta su shi ne akwai wanda yake riƙe da jerin sunaye, akwai wanda yake lura in majinyaci bai dawo ba, akwai kuma wanda ake tambaya.

Wani zai ce wannan Amurka ce, mu ina muka ga kuɗin. Amma tun kafin Amurkawa su tsara nasu, a 1954, Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara ajiye masu taɓin hankali a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta, kowa tare da ɗan'uwansa, nas-nas suna zagayawa, har yana aiki da masu maganin gargajiya. A Zimbabuwe, Dokta Dixon Chibanda ya horar da kakanni mata suna zama a benci a harabar ƙananan asibitoci suna sauraron masu damuwa, suna taya su warware matsala ɗaya bayan ɗaya, da masu sa ido a bayansu, gwajin da aka wallafa a 2016 kuma ya nuna abin yana aiki. A Ibadan ma tawagar Farfesa Gureje ta yi shekaru tana gwada yadda ma'aikatan matakin farko za su kula da ciwon damuwa, har da na masu ciki da masu jego, da likita a ƙarshen wayar hannu. Ba kayan aiki masu tsada ne suka riƙe waɗannan shirye-shirye ba. Kowa ya san aikinsa, ya kuma san wanda yake sama da shi.

Idan muka ɗauki asibitin mazaɓa na yau da kullum a Jigawa ko Katsina, mutanen da ake bukata suna nan. Akwai jami'in lafiyar al'umma ko nas da ke shugabantar wurin. Akwai ma'aikatan da ake kira CHEW, waɗanda a tsarin aikinsu ma ana son su riƙa fita cikin gari, ba zama a ɗakin duba marasa lafiya kawai ba. Akwai unguwar zoma, akwai mai magani, akwai masu sa kai da suke bin gida-gida lokacin riga-kafi, waɗanda suka san gidan da aka yi haihuwa da gidan da aka yi rasuwa. Abin da babu shi ne rabon aiki. Wa zai yi tambayoyin nan biyu ko uku ga duk mai awo da duk mai hawan jini? Wa zai riƙe littafi? Wa zai je gidan wanda ya ƙetare ranar dawowa? Wace rana ce a mako nas mai ilimin ƙwaƙwalwa daga babban asibitin ƙaramar hukuma zai kira ko ya zo a bi sunaye? Shi kuma nas ɗin wane likita ne a Dawanau ko Barnawa zai ɗaga masa waya? Waɗannan su ne darussan da ya kamata a koyar, a kuma koyar da su ga mutanen da za su yi aiki tare, suna zaune tare, a cikin asibitinsu.

Wurin da na fi son a fara shi ne makaranta. Ɗalibin makarantar koyon aikin lafiya yana yin shekara uku kafin ya zama CHEW. A cikin shekarun nan yana koyon auna ciki da yin allura ta hanyar yi da hannunsa sau da yawa, har abin ya zama jiki. Lafiyar ƙwaƙwalwa kuwa, a wurin da yawa daga cikin waɗanda na zanta da su, darasin aji ne da za a haddace don jarrabawa, sai wataƙila ziyara zuwa asibitin masu taɓin hankali inda za su ga waɗanda ciwonsu ya yi tsanani. Ɗalibi ya fita da tunanin cewa larurar ƙwaƙwalwa ita ce mai tuɓe riga a kasuwa. Ba a nuna masa irin gwaggona ba, wadda ita ce zai riƙa gani kowace rana. Tambayar mutum ko yana tunanin kashe kansa fasaha ce kamar neman jijiya: sai an yi ta a gaban malami, an yi kuskure, an gyara, sannan baki yake sabawa. Kuma a yi ta da Hausa. Littattafan da Turanci suke, majinyaci kuwa ba zai ce yana da ciwon damuwa ba. Cewa zai yi zuciyarsa ta yi baƙi, ko tunani ya yi masa yawa, ko ƙirjinsa yana zafi, ko an yi masa sammu. Mace za ta ce olsa ce. Dole ɗalibi ya san ƙofofin da ke bayan waɗannan kalmomi, ya kuma san yadda zai tambayi matar da ta haife shi a shekaru ba tare da ya keta kunyar da ke tsakaninsu ba. Akwai tambayar da saurayi ɗan shekara ashirin da biyar ba zai iya yi wa matar aure ba, komai iliminsa. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa aikin ya zama na tawaga, don a san lokacin da za a ce, "Hajiya, ga 'yar'uwarki nan za ku yi magana."

Su ma ƙwararrun suna bukatar nasu horon, kuma wannan ba a cika faɗarsa ba. Likitan ƙwaƙwalwa an koya masa ya ga majinyaci da idonsa, ya yi minti talatin ko fiye da shi. Ba da shawara a kan mutum goma sha biyar da bai gani ba, ta bakin ma'aikacin da bai kai shi karatu ba, wani aiki ne dabam. Yana bukatar ya iya saurare, ya iya koyarwa ba tare da wulaƙanci ba. Duk wanda ya san asibitocinmu ya san tsamin da ke tsakanin likitoci da sauran ma'aikatan lafiya, har yajin aiki kowa da nasa yake yi. In CHEW ya kira sau ɗaya aka yi masa tsawa don ya yi tambayar da ake ganin ta wauta ce, an rufe wannan layi har abada. Saboda haka a sa fita ƙananan asibitoci da sa ido a kan ma'aikatansu cikin horon likitoci masu neman ƙwarewa, a kuma ƙidaya shi cikin aikin da ake biyansu dominsa.

Sai batun malamai da masu ruƙiyya. Na san akwai ma'aikatan lafiya da ba sa son a ambace su. Amma kafin iyali su kawo mai taɓin hankali asibiti, sun riga sun je wajen malam, kuma bayan sun bar asibitin can za su koma. Ba mu manta da abin da aka gani a 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutane sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da mari a ƙafa, sannan aka sami irinsa a Katsina da Daura. Iyayen da suka kai 'ya'yansu irin waɗannan wurare akasarinsu ba mugaye ba ne, sun rasa inda za su nufa ne da yaron da ƙwaya ta juya wa kai. Binciken Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya ƙiyasta masu ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a Nijeriya sun kai miliyan 14.3. An hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a shekarar, amma hanawa ba ta warkar da wanda ya riga ya kamu ba. A Ibadan da Kumasi ta Gana an gwada haɗa masu maganin gargajiya da na addini da ma'aikatan ƙananan asibitoci, ma'aikacin yana zuwa wurin mai maganin yana duba majinyata yana ba da magani, sakamakon da aka fitar a 2020 kuma ya nuna waɗanda aka yi wa haka sun fi samun sauƙi. Ina ganin a ƙasar Hausa hakan zai fi sauƙi, domin limamin unguwa da ma'aikacin asibiti sahu ɗaya suke tsayawa. Abin da za a koya wa ma'aikacin shi ne kada ya shiga gardamar ko akwai aljanu ko babu. Ya ce a ci gaba da addu'a da tofi, a haɗa da magani, a cire mari, a daina duka, kada kuma a hana majinyaci shan ƙwayarsa. Malamai da yawa za su karɓi wannan in an zo musu da girmamawa, wanda ya ƙi kuma hukuma ta san aikinta.

Akwai ƙorafi ɗaya da na yarda yana da ƙarfi: ma'aikacin sha-ka-tafi ya riga ya gaji. Duk shirin da ya zo a kansa ake saukewa, albashinsa kuma ba ya kai shi ƙarshen wata. Ƙara masa aiki ba tare da ƙarin hannu ba zalunci ne. Amma a tuna majinyatan nan suna gabansa tuni, suna cin lokacinsa sau huɗu da biyar da sunan taifot, suna ƙarar da kuɗinsu a gwajin da ba shi ne matsalar ba, suna shan magungunan kashe ƙwayoyin cuta da jikinsu ba ya bukata. Kuma mai hawan jini ko ciwon suga da damuwa ta danne shi ba ya shan maganinsa yadda ya kamata. Duk da haka ba na cewa kyauta za a yi. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya domin asusun kiwon lafiya na matakin farko, kuma hukumomin jihohi ne suke tafiyar da waɗannan asibitoci. Daga nan ya kamata a fitar da kuɗin man babur na mai sa ido, da katin waya, da magunguna huɗu ko biyar masu araha da bai kamata su yanke a kanta ba. Ɗora mai farfaɗiya a kan magani sannan maganin ya ƙare bayan wata biyu haɗari ne a gare shi, kuma yana zubar da amincin asibitin a idon gari.

Wani abu kuma da ke hannun 'yan majalisa: har yanzu yunƙurin kashe kai laifi ne a sashe na 231 na dokar fenal kod da Arewa ke aiki da ita, hukuncinsa yana iya kaiwa ɗaurin shekara guda. Muna son ma'aikaci ya tambayi mace ko ta taɓa yunƙurin shan fiya-fiya, muna son ta amsa da gaskiya, alhali amsar tata a gaban doka iƙirarin laifi ce. A soke wannan sashe.

Gwaggo ta sha maganinta wata takwas. Da nas ɗin ta tafi, ni na riƙa sayo mata shi a kemis da tsohuwar takarda, ba tare da sanin ko lokacin dainawa ya yi ba ko da saura, har na sami wani likita a birni na tambaye shi a tsaye a bakin masallaci. A benci ɗaya da Gwaggo, a ranar da nas ɗin ta fara yi mata tambayoyin nan, akwai wata yarinya mai jego da ba ta fi shekara goma sha bakwai ba, ta ƙi karɓar jaririnta daga hannun uwar mijinta, tana ta kallon bango. Ita ma na ga an shigar da ita an rufe ƙofa, an kuma sa mata ranar dawowa. Bayan canjin wurin aikin na tambayi mai yankar kati labarinta, ya buɗe babban littafin rajista yana bin shafuka, ya ce in ban san lambar katinta ba babu yadda zai gano ta.